Amsa a Bayan Takardar Lodi

Kwana tara ke nan muna layi a Apapa,
tanka bayan tanka, har kan gadar Ijora.
Ruwan sama ya jiƙa tabarmata a ƙarƙashin mota,
sauro ya ci rabonsa, ya bar mini saura.
Tabita ta kira ni daga Kafur da daddare,
kuɗin wayarta na ƙarewa, ta tambaya da sauri:
"Baba, wai an fasa maka gilashi?
Me ka yi musu? Don me ba sa son mu?"
Wayar ta yanke ban buɗe baki ba.

To ga amsa, 'yata, a bayan takardar lodi,
da biron da na ara wurin yaron mota.

Daren Laraba suka zo da tiyo da jarkoki.
Suka ce, "Istifanus, in ka yi lodi, goma kawai.
Kowa na ɗiba. Ka ce zafin hanya ne ya sha."
Ban yi musu wa'azi ba, ban ɗaga murya ba,
na ce Wanda nake bi ya san awon tankina,
kuma ba ya gyangyaɗi.
Ɗayansu da gicciye a wuya, ya fi nawa girma,
ɗaya da carbi naɗe a hannu,
amma da na dubi idanunsu a hasken tocila
na ga ubangiji ɗaya suke wa bauta,
sunansa Ciki.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.
Ban ce as ba, Tabita,
tsayuwata kawai suka ji kamar tsawa.
Da asuba na tarar da dutse a kan kujerata.

Akwai wata ƙiyayyar, ita ta rashin sani ce.
Ran Lahadi na je sujada a Ajegunle
da kaftanina da hular da uwarki ta saya.
Mai tsaron ƙofa ya tare ni, ya laluba aljihuna,
"Aboki, me kake nema a nan?"
Ran Litinin mai shayi ya ji sunana,
ɗan garinmu ne, harshenmu ɗaya,
sai ya jawo wani kofi daga ƙasan tebur,
mai tsagaggen baki, ya ware mini shi.
Can na yi Hausa da yawa,
nan kuma wai ban kai Bahaushe ba.
Na sha shayin. Ya yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba.

Kada ki ce duk wanda ba ya bin hanyarmu maƙiyi ne.
Malam Lawwali, direban da ke bayana,
tun daren dutsen nan ya matso da shimfiɗarsa
kusa da tayata, da ƙarfen jak a gefensa.
Bai ce komai ba. Da ya idar da salla
ya miƙo mini rabin goro.

Kuma kada ki ɗauka duk duka tsanani ne.
Na san bakina, wani lokacin ya fi barkono.
In an zage ni don halina, bashi na biya.
In an zage ni don Almasihu,
to, Shi ma ba a shimfiɗa masa kilishi ba,
ni wa, ɗan Kafur mai warin gas?

Ki yi addu'a domin mai dutsen nan.
Na gan shi jiya yana wanke ƙafa a kwata,
yaro ne, bai kai yayanki Nuhu ba,
tari yake yi.

An busa usur, layi ya motsa taku uku.
Zan tuƙa da tsagar nan har Funtuwa.
Ta raba mini titi biyu, amma ina gani.
Ki gaida uwarki. Ki ce kuɗin taki na tafe,
ba su da yawa,
sai dai babu ɗigon man kowa a jikinsu.